Wa ya faɗa, a ina, yaushe? Nauyin da ke wuyanmu a taɗin siyasar Bauchi

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wasu 'yan boko suka kafa wani zama a garin Bauchi da ake kira Majalisar Taɗi. Cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, ɗan gari, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda ke koyarwa a makarantar Midil, da wani matashin malami Bakano da aiki ya kawo wannan makaranta, Malam Aminu Kano. Da sanin Turawan mulki aka kafa ta, har jami'ansu da manyan ma'aikatan En'e sukan halarta. Akan ɗauko batu guda a baje shi, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Masu tarihi sun ruwaito cewa a wani zama Malam Aminu ya tambayi Baturen da ke wurin da wane ma'auni ake yanka wa sarki albashi. Ba a jima ba aka rufe majalisar.

Babu zagi ko ɗaya a cikin wannan tambaya. Bai taɓa uwar kowa ba, bai tono asalin kowa ba, bai fitar da kowa daga addini ba. Duk da haka ta fi ƙarfin zauren, domin tambaya ce mai amsa: ko dai akwai ma'auni a faɗe shi jama'a su auna, ko babu a ji kunya. Mai mulki ya san yadda zai yi da zagi. Yana iya toshe kunne, yana iya sa a kama mai zagin, yana iya ɗauko hayar wanda ya fi shi iya ashar. Abin da ke hana shi barci shi ne mutum ya tsaya a gabansa cikin natsuwa ya ce: nawa ne, ina takardar, wa ya sa hannu?

Wancan zamani ba na waliyyai ba ne. Mutanen uku sun rabu daga baya: Malam Abubakar ya bi jam'iyyar NPC, Malam Aminu ya jagoranci jam'iyyar NEPU ta 'yan sawaba da aka kafa a Kano a 1950, Malam Sa'adu ya yi aiki da NCNC ta Azikiwe kafin ya karkata wajen 'yan sawaba. Siyasar da ta biyo baya ta sha zambo, ta sha kafirta juna, ta sha ɗaurin 'yan adawa a kotunan alƙalai kan laifin da bai kai ya kawo ba. Amma ko a ɓangaren da ake wa kallon na sarakuna, shi Malam Abubakar ne ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, alhali ya san waɗanda maganar za ta ɓata wa rai su ne nasa.

Da wannan ma'auni nake duba taɗin siyasarmu na yau. Zafin magana bai dame ni ba, kuma ina shakkar duk wanda ke gaggawar cewa a sassauta murya da zarar an taɓo kuɗin jama'a. Muhawara tana da lafiya muddin wanda aka zarga yana da hanyar amsawa, mai sauraro kuma yana da hanyar gane wanda ya yi gaskiya. Idan ka ce an ware kuɗi kaza a kasafi don gyaran asibitin garinku, shekara ta zagayo ba a ɗora bulo ko ɗaya ba, ka yi magana mai ɗaci, amma ana iya buɗe kasafin a duba, ana iya zuwa asibitin a gani da ido. Idan kuwa ka ce kwamishinan shege ne, ko kakansa bawa ne, ko matarsa kaza da kaza ce, ka rufe ƙofa. Babu abin da ya rage masa sai ramuwa, ramuwar ma ba shi zai yi da kansa ba, yaransa zai turo. Asibitin kuma yana nan yadda yake.

Kowa ya haddace cewa sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin baki. Kaɗan ne suka taɓa jin labarin sashe na 24, wanda ya jero abin da ke kan ɗan ƙasa, ciki har da mutunta darajar sauran 'yan ƙasa da haƙƙoƙinsu, da bayar da gudummawa mai amfani ga al'ummar da yake zaune cikinta. Wannan sashe yana cikin babi na biyu, babin da kundin da kansa ya ce ba a kai ƙara kotu a kansa. Wato babu alƙalin da zai tilasta maka, babu ɗan sandan da zai zo. An bar shi tsakaninka da zuciyarka, kuma a nan ne aikin yake.

A Bauchi ta yau wuraren taɗi ba sa ƙirguwa. Ana yi a teburin mai shayi a Wunti, ana yi a rumfunan kasuwar Muda Lawal, a bakin masallaci bayan La'asar, a cikin Keke Napep, a shirye-shiryen rediyo da ake buga waya. Amma mafi girmansu yana cikin aljihu, kuma kowa ya san salonsa. Wajen ƙarfe goma na dare waya ta yi ƙara a zauren WhatsApp na 'yan unguwa ko na tsofaffin ɗalibai. Saƙon murya ne, minti biyu da 'yan kai. Muryar namiji, yana haki. "Assalamu alaikum jama'ar Musulmi. Wallahi yanzun nan wani ɗan'uwa da ke aiki da jami'an tsaro ya kira ni. An ga motoci biyu cike da mutane sun shigo ta hanyar Jos. Don girman Allah kowa ya tura wa 'yan'uwa, kada ka bari ya tsaya a wajenka." Babu suna, babu rana, babu unguwa. A saman saƙon ga 'yar alamar nan mai kibiya biyu da ke nuna an yi ta tura shi. Kafin a yi minti biyar mutum uku sun rubuta Innalillahi, ɗaya ya ce Allah ya tsine musu ba tare da ya san su wa yake tsine wa ba, Hajiya kuma tuni ta tura wa zauren matan danginsu da ke Azare da Misau.

Saƙon yana iya zama ɗan shekara uku. Yana iya zama daga wata jiha ya fito. Yana iya kasancewa a daren nan irinsa sak yana yawo a zaurukan Kiristocin Yelwa ko Bogoro, an canza gaisuwar farko da sunan waɗanda ake tsoro kawai. Murya ba ta bincikuwa a intanet yadda ake bincika rubutu ko hoto, kuma saƙonnin WhatsApp a kulle suke, wanda ba ya cikin zauren ba zai gani ba balle ya ƙaryata. Kamfanin da kansa ya san illar, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da wanda aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya tak. Wannan ya rage gudu ne kawai, bai taɓa tushen ba, domin tushen yarda ce. Matan da ke Azare ba su san mai muryar ba, Hajiya suka sani, kuma sun san ba ta ƙarya. A kasuwar shanu ba a sayen saniyar baƙo sai wani sanannen dillali ya tsaya mata, in ta zama ta sata shi za a riƙe. Mai tura saƙo dillali ne da ya tsaya wa saniyar da ko ganinta bai yi ba, sai dai shi ba a riƙe shi.

"Ni dai yadda aka turo mini na tura." Wannan uzuri addininmu ya riga ya rushe shi tun kafin a ƙera waya. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce a bincika labari kada a cuci wasu mutane cikin jahilci a zo ana nadama. A Suratun Nur, kan ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, zargin bai tsaya kan wanda ya ƙirƙira ba, ya haɗa da waɗanda suka riƙa karɓa daga harshe zuwa harshe suna ganin ƙaramin abu ne. Maƙwabtanmu Kiristoci suna da nasu a wasiƙar Yakubu, inda aka ce mutum ya yi hanzarin ji, ya yi jinkirin magana da jinkirin fushi. Duk mun san waɗannan, muna jin su a wa'azi muna gyaɗa kai. Da an ce siyasa, sai mu ɗauka an ɗage alƙalami.

Galibin masu yaɗa ƙarya ba mugaye ba ne, kuma wannan ya fi tayar da hankali. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, iyaye da 'ya'ya ne suka riƙa tashin juna kafin asuba a waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasa rai. Ƙauna ce ta tura wannan saƙo. Haka labarin Jibrin na Sudan ya yi ta yawo, har a Disamban 2018 sai da Shugaba Buhari ya tsaya a Poland yana tabbatar wa jama'a cewa shi ne shi.

Akwai kuma waɗanda sana'arsu ce. Sojojin baka sun daɗe a rediyo: a saya musu fili, su shiga su yi minti goma suna yanka abokin hamayyar maigidansu, gobe na wancan ɓangaren su shigo su rama. Yanzu an samu ƙannensu, 'yan midiya, waɗanda ake sa wa data da ɗan abin shan ruwa. Yaron da bara ke rantsuwa cewa wane ɓarawo ne, bana shi ke kiransa jagora, kuma babu mai tambayarsa me ya canza, domin kowa ya sani. Ba na ganin laifin wanda ke tallan ɗan takararsa don a biya shi, aiki ne kamar kowane. Laifin yana inda aka ɓoye cewa talla ne, da inda aka bar tallan naka aka koma cin mutuncin na wani. Sannan su kansu shafukan, Facebook da TikTok da X, da hankalin mutane suke cin abinci. Abin da ya fi jawo martani shi injinsu ke ɗagawa sama, kuma ba abin da ke jawo martani irin fushi. Tun da aka fara biyan masu shafuka gwargwadon yawan masu kallo, wanda ya shiga ƙarƙashin rubutu don ya zagi marubucin ma ya ƙara masa kasuwa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu sauraro, masu dariya, masu cewa "kai, yaron nan ya iya wanke mutum", mu ne muke biyan albashin.

Asarar da ta fi girma ba a ganinta, domin ta waɗanda suka yi shiru ce. Likitan da ya san dalilin da ya sa babu magani a asibitin, malamar da ta san yara nawa ke zaune a ƙasa a ajinta, tsohon akawun da ya san yadda ake karanta kasafi, duk suna da mutuncin da suke tsoron a zubar. Sun ga abin da aka yi wa na gabansu. Mace kuwa ba sai an faɗa ba, kalma ɗaya ake jifanta da ita ko da kan kwalbati ta yi magana, kalmar da aka jefi matan NEPU da ita tun zamanin Hajiya Gambo Sawaba. Sai su ce ba ruwansu da siyasa. Fili ya rage wa wanda ba shi da abin asara. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kashi 27 cikin ɗari ne kacal suka fito. Dalilan suna da yawa, amma wanda aka kora daga magana ba shi da wuyar kora daga layin zaɓe. Ina tausaya wa masu shirun, sai dai ba na wanke su gaba ɗaya. Wanda Allah ya ba sani a kan abin da ya shafi jama'a, sanin nan amana ne.

Mutanen Bauchi sun fi kowa sanin abin da bakin talaka ke iya yi. A 2007, da taken a kasa, a tsare, a raka, suka kayar da ɗan takarar jam'iyya mai mulki suka ba Malam Isa Yuguda na ANPP, gwamna mai barin gado ma ya nemi kujerar sanata ya rasa. A 2015 sun sake juya akala, a 2019 suka sauke gwamna mai ci. Jihohi kaɗan ne ke da irin wannan tarihi, kuma da taɗi aka gina shi, unguwa-unguwa, majalisa-majalisa. Amma a jihar nan dai, bayan zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilun 2011, aka kashe masu yi wa ƙasa hidima kimanin goma, yaran mutane da aka turo aikin zaɓe, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa sama da mutum 800 ne suka mutu a jihohin Arewa 12 cikin kwana uku. Har sai da aka ɗage zaɓen gwamna a Bauchi da Kaduna. Kwamitin Sheikh Ahmad Lemu da ya binciki lamarin ya lissafa kalaman tunzuri cikin musabbabai.

Tsakanin 2007 da 2011 mutanen ba su canza ba, fushinsu ma bai canza ba. A na farko maganar tana da iyaka kuma tana da hujja: ga akwatinmu, ga abin da aka ƙirga a gabanmu, ga takardar, za mu bi ta har inda za a tattara. A na biyu maganar ta zama "sun sace", ba a ce su wa ba, ba a ce a wace rumfa ba. Da zarar "su" ta rasa suna, duk wanda bai yi kama da kai ba ya shiga ciki. 'Yan sara-suka a Bauchi da 'yan kalare a Gombe ba su suke zaɓar wanda za a sara ba. Kafin wuƙa ta fito, wani mai babbar riga, ko mai lasifika, ko mai waya, ya riga ya nuna da baki.

Misali mafi kusa na bambancin hayaniya da hujja shi ne rigimar dokokin haraji. A watan Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu. Abin da ya fi tsaya wa Arewa a rai shi ne rabon harajin VAT tsakanin jihohi. A tsohon tsari ana raba kashi 50 daidai-wa-daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda aka tara harajin. Sabon ƙudurin ya nemi a ɗaga wannan na ƙarshe zuwa kashi 60, sannan a riƙa ƙara harajin kansa daga kashi 7.5 har ya kai 15 nan da 2030. Gwamnonin Arewa, ƙarƙashin shugabancin Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe, suka zauna a Kaduna suka ƙi amincewa, Gwamna Bala Mohammed na Bauchi kuma yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya.

A lokacin magana iri biyu ce ke tafiya. Ɗaya ita ce ta "an gama da Arewa" da "maƙiyanmu ne" daga nan, da "cima-zaune ne, ba sa son aiki" daga can. Ɗayar kuma ita ce ta waɗanda suka zauna suka karanta ƙudurin sashe-sashe, lauyoyi da akantoci da malaman jami'a da wasu malaman addini, suka riƙa fitowa rediyo suna cewa sashe kaza ya ce kaza, ga abin da jiha kamar tamu za ta samu ko ta rasa, ga abin da zai faru da TETFund da ke gina azuzuwa a manyan makarantunmu idan aka yanke mata kuɗin shiga. Da Shugaban Ƙasa ya sa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, harajin yana nan a kashi 7.5, rabon ya koma 50 daidai-wa-daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, TETFund kuma ta tsira. Mutum na iya ganin an yi nasara ko an yi rabin nasara. Amma duk abin da aka canza, abu ne da wani ya nuna da yatsa a cikin takarda. Babu sashe ko ɗaya da tsinuwa ta goge. Bayan haka ma sai ga jita-jitar cewa duk kuɗin da ya shiga asusunka na banki za a yanki haraji a ciki, alhali dokar ta ce wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba babu harajin kuɗin shiga a kansa. Talakan da dokar ta yafe wa shi aka fi tsoratarwa.

Haka aka yi da man fetur na Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022, samarin Bauchi da na Gombe, waɗanda har zuwa 1996 jiha ɗaya ce, suka yi ta gwabzawa a Facebook kan rijiyar ta Alkaleri ce ko ta Akko. Kaɗan ne suka tambayi inda aikin ya kwana, ko yadda za a tafiyar da kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwa da dokar man fetur ta 2021 ta ware wa al'ummomin da ake haƙa a ƙasarsu.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya babba. Mutumin da ya wayi gari a ƙarshen Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu, shi za ka zo kana koya wa ladabin magana? Masu mulki suna ƙarya da rana tsaka, da kakaki da kyamara, ba wanda ya ce su tantance. Me ya sa kullum talaka ake wa wa'azi? Ban ce kowa ya haɗiye fushinsa ba. A farkon Nuwamban 2024, da aka ga yaran da aka kama a zanga-zangar Agusta suna faɗuwa a gaban kotu a Abuja saboda galabaita, fushin jama'a ne ya sa cikin 'yan kwanaki aka ba da umarnin sakinsu. Fushin ya ci nasara ne domin abin da aka gani gaskiya ne, da wuri da rana da fuskoki, ba wanda ya isa ya musa. Da an cakuɗa shi da tsohon hoton wata ƙasa guda ɗaya, da kakakin gwamnati ya samu abin riƙewa, ya bar yaran ya kama hoton. Ƙaryar da ka ƙara don maganarka ta yi nauyi, ita ce ƙofar da wanda kake zargi zai fita.

Akwai wani dalili kuma. Duk lokacin da fili ya ƙazantu, mai mulki yana da magani a shirye: doka. Mun ga ƙudurin taƙaita soshiyal midiya da na kalaman ƙiyayya a 2019, wanda har hukuncin kisa aka sa a cikinsa. Mun ga rufe Twitter na wata bakwai daga Yunin 2021. Mun ga yadda sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida da masu suka, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, aka yi masa gyara a 2024. Dokar zaɓe ta 2022 ta haramta zagi da kamfe da addini ko ƙabila, amma kowa ya ga yadda aka yi kamfen 2023. Irin waɗannan dokoki ba sa hawa kan sojan bakan gwamnati, mai suka suke hawa. Tun da ba za mu iya miƙa wa hukuma tsintsiyar ba, shara ta dawo kanmu. Kuma kayan aiki suna nan ga mai so. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar neman bayani. Kasafin jiha yana intanet. Abin da kowace ƙaramar hukuma cikin 20 da muke da su ke samu daga asusun tarayya ana buga shi wata-wata, kuma tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Kansila a unguwa yake kwana, sahu ɗaya ake tsayawa da shi.

Mafi wuyar duka na bar shi a ƙarshe. Ƙaryata abokin hamayya ba jarumta ba ce, daɗi ma gare ta, kuma ba ta cika amfani ba, domin mutanensa ba za su saurare ka ba. Ɗan PDP ba zai karɓi gyara daga ɗan APC ba, ɗan Izala ba zai karɓa daga ɗan ɗarika ba, mutumin garin Tafawa Ɓalewa ko Billiri da ke ganin an danne shi ba zai karɓa daga wanda yake ganin shi ya danne shi ba. Gyaran da ke shiga shi ne na ɗan gida. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta yi hani ga barin ƙin wasu mutane ya sa a ƙi yi musu adalci, kuma ma'anarta a siyasa a fili take: ranar da aka yi wa wanda ka tsana ƙarya, a zauren mutanenka, kai ne mai bin bashin magana.

Ga yadda abin yake faruwa. A zauren magoya bayan wani ɗan takara, wani ya sa hoton wani katafaren gida ya ce abokin hamayya ne ya saya a Dubai. Ana ta Allah wadai. Sai wani dattijo, wanda ya fi shekara goma yana wahala wa jam'iyyar, ya rubuta: "Ɗana, wannan hoton na gan shi tun zaɓen da ya wuce, a lokacin wani aka ce nasa ne. Mu cire shi, muna da abin faɗa na gaskiya." Shiru na ɗan lokaci. Sai wani ya ce, "Baba, kai ma ka koma can ke nan?" Wani ya ce, "Nawa suka ba ka?" Mutum talatin sun karanta, aƙalla rabinsu sun san Baba ya yi gaskiya, biyu sun bi shi ta bayan fage sun ce wallahi haka ne, amma a cikin zauren babu wanda ya tanka. Kafin Isha shugaban zauren ya sanar cewa ba a son masu kawo rarrabuwar kai, ya cire Baba. Hoton ya bar shi, kuma zuwa safiya ya shiga wasu zauruka huɗu.